Rawar Hannun Mai Agogo

Tun ranar da Mai Agogo ya zo gaishe da Baba gidan ya yi tsit, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar an kwantar da marar lafiya. Auta ba ta buƙaci a faɗa mata dalili ba. Tana laɓe a bayan labulen falo lokacin da Umma ta miƙa masa shayi, ta ji da kunnenta yadda kofin ke kaɗawa a kan faranti har shayin ya zuba masa a gwiwa. Ta ji shi yana ba da haƙuri da muryarsa a dishe. Ta kuma ji shirun da Baba ya yi, wanda ya fi faɗa ba ta tsoro.

Shekara biyu ke nan suna tare. Ita malamar aji uku ce a firamaren da ke ƙarshen layinsu, shi kuma rumfarsa ta gilashi tana tsallaken ƙofar makarantar. A nan yake wuni a sunkuye, da gilashin ƙara girma maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan kusoshi da matsefata. Duk unguwar babu mai kiransa da wani suna sai Mai Agogo, ita ma bakinta ya bi na mutane. Ta san yana da asma tun farkon haɗuwarsu, don bai ɓoye mata ba. Ba ta dai taɓa zaton ciwon zai shiga tsakaninta da mahaifinta ba.

Baba ba mai tsanani ba ne. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar fasinja kafin ya ajiye, kuma tun Auta na ƙarama yake cewa ba zai zaɓa mata miji ba, wanda ta kawo shi ne surukinsa. Shi ya sa da ya kira ta bayan kwana uku, da safe kafin ta fita aiki, ta san magana ce babba tun bai buɗe baki ba. Ta same shi a bakin gareji yana goge tsohuwar motarsa.

"Auta, ki yi haƙuri da yaron nan," ya ce, bai ɗago ba. "Ban ƙi shi don sana'arsa ba, ban ƙi shi don danginsa ba. Hannun nan nasa na taɓa ganin irinsa."

Ta san inda ya gan shi. Wanta, ɗan farin gidan, shaye-shaye ne ya cinye shi shekara shida da suka wuce. Da rawar hannu abin ya fara, sai murya ta shaƙe, sai rama, har ranar da Baba ya ɗauko shi da hannunsa daga wani kango. Tun daga nan ba a ambaton sunansa a gidan.

Auta ta durƙusa kusa da tayar motar ta yi masa bayani iya saninta. Ta ce asma ce, an haife shi da ita, maganin shaƙa likita ne ya rubuta masa, ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Baba ya saurare ta har ta gama, ya ninke tsumman da ke hannunsa gida huɗu.

"Wanki ma ce mini ya yi maganin tari ne," ya ce a hankali.



A bakin Umma ta ji ragowar labarin da yamma. Ashe Baba bai yanke hukunci shi kaɗai ba, sai da ya taka har kwanar layi wurin Mai Kemis, ɗan wan Umma, wanda ya shekara huɗu yana zarya a kan Auta tana ce masa ita yaya ta ɗauke shi. Baba ya tambaye shi a matsayin wanda ya san magani. Mai Kemis ya ce shi dai a saninsa asma ba ta sa rawar hannu. Ya ce Mai Agogo kan zo shagonsa sayen wani abin shaƙa sau biyu ko uku a wata, kuma sau biyu yana karɓar maganin wani farin abu da ke fito masa a harshe. Ya rufe da cewa shi bai ce komai ba, Allah ya sa dai lafiya.

Umma ta faɗi maganar farin harshen tana rage murya, tana kallon ƙofa. Ta ce ita ba ta zargi kowa da ciwon zamani ba, amma uwar da ta binne ɗa ɗaya ba ta wasa da na biyu. Ta ƙara da cewa ga ɗan uwanta nan mai hankali, lafiyayye, wanda aka san cikinsa da bayansa.

Auta ta tashi ta shiga ɗaki. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, na ɗan wani lokaci, ita ma zuciyarta ta yi tambayar da Umma ta yi.

* * *

Washegari da aka tashi daga makaranta ta tsallaka titi. Yana ganinta ya cire gilashin idonsa ya jawo mata kujerar roba. Agoguna sun kai talatin a jikin bangon rumfar, kowanne da lokacin da yake nunawa. Ya saba yi mata wasa cewa a shagonsa ba a makara, sai dai mutum ya zaɓi agogon da ya dace da shi. Ranar bai yi wasan ba. Fuskarta ta riga ta faɗa masa.

Ta kwashe komai ta gaya masa, ba ta rage ko maganar harshen ba. Tana yi tana share hawaye da gefen mayafi, don iyayen yara na wucewa.

Ya bari ta gama. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da 'yan gwangwanaye guda biyu masu murfin roba, ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan ƙasa, ya jera su a gabanta.

Ya ce mai ruwan ƙasar shi yake shaƙa safe da yamma don kada ciwon ya tashi, kuma shi ke dishe masa murya, shi ke bar masa farin nan a harshe. Shuɗin kuwa na buɗe ƙirji ne idan numfashi ya toshe, amma yana shaƙarsa zuciyarsa za ta hau gudu, hannunsa ya kama rawa. Wani lokaci sai ya ajiye aiki na sa'a guda, don kusar agogo ba ta fi ƙwayar gero ba. Ranar da zai je wurin Baba tsoro ya kama shi a bakin ƙofa, ya ji ƙirjinsa na ɗaurewa, sai ya shaƙi shuɗin har sau huɗu don kada ya yi haki a gaban surukai.

"Na guje wa haki, sai na kai musu rawa," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi.

"Mu tafi da su gidan," ta ce. "Ka nuna wa Baba kamar yadda ka nuna mini."

"Mutumin da maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu zai yi, Malama. In na jera masa gwangwani a gaba, me zai gani? Abin shaƙa zai gani. Kuma wanda ya tambaya ya riga ya ba shi amsa."

"To ni ya zan yi? Ba zan iya saɓa masa ba, ka san abin da ya gani a rayuwa. Kuma ba zan iya zama da wani ba. Na gwada tunanin haka jiya, ko numfashi kasa yi na yi."

"Kar ki ƙwace mini ciwona," ya ce. "Rashin numfashi nawa ne."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Ya miƙa mata hankicin da yake goge gilashin agogo da shi, ya jira ta natsu.

"Faɗa mini gaskiya," ya ce. "Ke ma kin yi shakka?"

Ta sunkuyar da kai. "Na minti ɗaya."

"Minti ɗaya ba komai ba ne. Ni da nake gyaran agogo na san ana samun wanda ya fi haka lattin."

Daga nan ya roƙe ta abu guda. Ta nema masa alfarma wurin Baba ya sake ganinsa sau ɗaya, bayan sati uku. Ya ce zai zo da hannu tsayayye da murya garau, Baba ya duba da idonsa, in bai gamsu ba shi zai janye da kansa, ba zai raba 'ya da ubanta ba. Ta tambaye shi yadda zai yi. Ya ce ta bar masa wannan, akwai dabara.

Ita kuwa da yake tana son ta yarda, sai ta yarda. Ta ɗauka asibiti zai koma a canza masa magani.

Baba bai yi gardama ba. Ya ce ba ya hana mutum kare kansa, ya zo.

Cikin sati na biyu muryar Mai Agogo ta fara washewa. Auta ta ji wata murya da ba ta taɓa sani ba, mai zurfi da taushi, har ta ce masa ashe shekara biyu da aron murya yake zance da ita. Ya miƙo hannayensa a kan tebur, ko motsi ba sa yi. Daɗi ya rufe ta har ba ta kula da cewa ya daina raka ta zuwa kwanar layi ba, kuma yana yanke magana gida biyu kafin ya kai ƙarshenta.

Ana jibi zai zo gidan, tana zaune a rumfar, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. A cikin shirun ta ji wani siririn sauti kamar ana busa ƙaramin usur daga nesa. Ta waiga ta duba titi. Sai daga baya ta gane daga ƙirjinsa yake fitowa.

Ya ce mura ce ke son kama shi.

* * *

Umma ta sa an yi wa falon sabon fenti kwana biyu kafin ranar. Ta ce ba don kowa ta yi ba, bango ne ya yi datti. Ta kuma aika wa Mai Kemis ya zo, wai a samu wanda ya san kan abu a wurin. Da Auta ta yi magana, Umma ta ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in yaron gaskiya gare shi ɗan uwanta ba zai rage shi da komai ba.

Da ƙarfe huɗu Mai Agogo ya yi sallama, cikin fararen kaya da guga ta kwanta musu. Wannan karon Baba ya ce Auta ta shigo ta zauna, tunda maganarta ake yi. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Warin fentin ya cika ɗakin, taga ɗaya ce kawai a buɗe.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya gaishe da Baba da murya fes. Umma ta kawo shayi, ya karɓa da hannu ɗaya, kofin bai ce uffan ba. Auta ta ga idon Baba ya sauka a kan hannun ya daɗe a can, ta ga kafaɗunsa sun ɗan saki. Har ya fara tambayarsa yadda ya koyi sana'a. Mai Agogo ya ce iyayensu sun rasu yana ɗan shekara shida, yayarsa ce ta riƙe shi, ita ta kai shi wurin wani tsoho mai gyaran agogo don aikin zaune ne, babu ɗaukar kaya.

A tsakiyar labarin tari ya sarƙe shi. Ya ba da haƙuri ya ci gaba. Tarin ya dawo. Ya ajiye kofin a hankali, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya turo ƙirji gaba. Yanzu kowa a ɗakin na jin usur ɗin. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gumi ya karyo masa a goshi, yana jan iska kamar mai zuƙa ta cikin tsinke.

Auta ta rarrafa ta isa gabansa, ta manta da kowa. Ta tambaye shi ina shuɗin. Ya girgiza kai. Ta laluba aljihun rigarsa, babu komai sai mabuɗin shago.

"Na bar shi... a rumfa," ya ce da ƙyar. "Kada Baba... ya gani."

"Ɗayan fa? Na safe da yamma?"

Ya ɗaga yatsu uku. Sati uku ke nan bai taɓa shi ba. A nan ta gane dabarar da ya ce yana da ita.

Baba ya miƙe tsaye ya juya wurin Mai Kemis, ya tambaye shi mene ne wannan. Mai Kemis ya kalli leɓɓan Mai Agogo da suka fara sauya launi.

"Asma ce, Baba. Mai tsanani. In ba a kai shi asibiti yanzu ba, za a iya rasa shi."

"Ka ce mini asma ba ta sa rawar hannu."

"Ita ba ta sawa," ya ce, idonsa a ƙasa. "Maganin ne ke sawa."

"Ka sani ranar da na tambaye ka?"

Mai Kemis ya kau da kai. Baba bai sake kallonsa ba, ya ce masa kawai ya ruga shago ya ɗauko maganin ya tsaya a bakin titi. Sannan ya sunkuya, tsoho mai shekara sittin da bakwai, ya saƙala hannun Mai Agogo a wuyansa ya ɗaga shi.

Auta ba za ta manta tafiyar nan ba. Tana baya tana tallafe da shi a zaune, don ya kasa kwanciya. A kwanar layi Mai Kemis ya jefo gwangwanin ta taga, Baba ko tsayawa sosai bai yi ba. Ta cire murfin, ta sa masa a baki ta danna, iskar maganin ta fito ta gefen leɓensa ta bi iska. Ta sake dannawa, haka. Shekara biyu tana ganin abin nan a aljihunsa, ba ta taɓa tambayar yadda ake sa wa mutum ba. Tana kuka tana roƙonsa ya ja, shi kuma ya riƙe mata yatsa ɗaya yana matsawa, kamar ita ce ke buƙatar lallashi.

Baba na tuƙi yana magana ba tare da ya waiwayo ba. "Riƙe, ɗana. Saura kaɗan. Na san hanyar nan."

Suna shiga ƙofar asibitin yatsun da ke riƙe da nata suka saki.

* * *

Sa'a ɗaya da rabi suka yi a kan bencin baranda kafin likita ta fito. Mace ce mai furfura a goshi, da tabarau rataye a wuya. Ta ce ya farfaɗo, an sa masa iska da magani ta abin rufe hanci, zai kwana biyu a wurinsu. Ta ce da sun ƙara minti goma a hanya da wani zancen ake yi. Sannan ta tambaya wane ne ya ba shi shawarar ajiye magani.

"Ni ne," in ji Baba. "Ban faɗa da baki ba, amma ni ne."

Likitar ta dube shi, ta zauna a gefen bencin. Ta yi musu bayani ba tare da faɗa ba. Ta ce duk abin da suka gani a jikinsa sananne ne, kuma akwai yadda ake rage shi. Dishewar murya da farin harshe daga ɓurɓushin maganin ne da ke maƙalewa a baki, in yana kurkure baki ya zubar bayan kowace shaƙa, yana kuma amfani da wani bututun roba da ake saƙala gwangwanin a jiki, yawanci sai su ragu ko su tafi. Rawar hannu da gudun zuciya na shuɗin ne, suna wucewa da kansu, kuma yawan buƙatarsa da yake yi alama ce cewa ya kamata tuntuni a sake duba maganinsa na kullum. Ta ce abin da ba a yi shi ne mutum ya ajiye da kansa, garin neman gira a rasa ido.

Baba ya tambaye ta, da muryar da Auta ba ta taɓa ji ba, ko akwai wani abin maye a jinin yaron. Likitar ta ce wannan tambaya ce da shi marar lafiyan kaɗai zai ba da izinin amsawa, amma tana iya gaya masa cewa shekara ashirin tana duba masu asma, kuma hannu mai rawa bayan shaƙar magani ba ya nuna halin kowa.

Ba su gama ba sai ga wata mata ta taho da sauri, doguwa, da zaren ɗinki maƙale a jikin zanenta, alamar daga kan keke ta taso. Yayarsa ce. Auta ce ta kira ta a waya. Sau uku suka taɓa haɗuwa, kullum da fara'a, amma yau ko kallonta ba ta yi ba. Ta shiga ɗakin ta daɗe, ta fito idonta jawur, ta tsaya a gaban Baba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yaron nan tun yana shekara shida take kwana a zaune da shi a ƙirjinta. Ta ce ta ƙi aure sau biyu don mazan sun ce ba za su riƙe mai ciwo ba. Ta raine shi har ya zama mutum, bai taɓa ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya ba, sai da ya shiga gidansu.

"Ku riƙe 'yarku, Baba," ta ce. "Ni ma zan riƙe ƙanena. Wanda sai ya daina numfashi za a yarda da shi, gara ya zauna ba aure."

Auta ta miƙe tsaye. Ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, duk abin da kika faɗa gaskiya ne," ya ce. "Ina da ɗa, na rasa shi, don ban duba da kyau ba. Sai na zo kan naki na duba fiye da kima, na ga abin da babu. Ban zo in kare kaina ba. In kin ce a'a, ba zan ga laifinki ba. Amma yarinyar nan ba ta da hannu a ciki. Ta faɗa mini gaskiya tun ranar farko, ni na ƙi ji."

Yaya ta juya ta dubi Auta a karon farko. Ta ga gwangwanin shuɗin da har yanzu ke damƙe a hannunta, ba murfi.

Ta tambaye ta ko ita ta sa masa a mota. Auta ta ce ta gwada, bai shiga ba, duk a iska ya tafi. Tana faɗa kukan ya dawo mata sabo. Ta ce ita malama ce, tana koya wa yara arba'in karatu, amma abu ɗaya da ya kamata ta koya ba ta koya ba.

Yaya ta sake duban gwangwanin. Can ta ja dogon numfashi, ta ce ta biyo ta.

Mai Agogo na jingine da matasai uku, abin iska a fuskarsa. Hannayensa a kan bargo suna rawa fiye da kullum saboda maganin da aka ba shi. Da ya ga Baba a bakin ƙofa sai ya yi ƙoƙarin tura su ƙarƙashin bargon. Baba ya ƙaraso ya kama ɗaya ya riƙe cikin nasa biyu.

"Bar shi ya yi rawarsa," ya ce. "In ka warke ka turo manyanka."

Mai Agogo ya kalli yayarsa, don ita ce manyan nasa duka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗauki bututun robar da ma'aikaciyar jinya ta ajiye a kan durowa, ta karɓi gwangwanin daga hannun Auta ta girgiza shi, ta nuna mata yadda ake saƙala shi a gindin bututun. Ta ce a zaunar da shi tukuna, kada a kwantar. A tabbata leɓɓansa sun rufe bakin bututun. Dannawa ɗaya, sannan a bar shi ya ja numfashi a hankali ana ƙirgawa, kafin a ƙara wata. Ta zare gwangwanin daga bututun ta miƙa mata su, ta ce ta gwada ba tare da ta danna ba.

Auta ta karɓa, ta girgiza, ta saƙala, ta ƙirga da sauri don ta nuna ta gane.

"Kin yi gaggawa," in ji Yaya, tana gyara mata riƙon da yatsunta masu kantar almakashi. "Sake daga farko. Ki koya da kyau, ni na yi shekara ashirin da biyar ina yi, na gaji. Sauran naki ne."